Ƙofar Rauta da Littattafan Kakanmu Mai Haƙar Rijiya

Kakanmu na wajen uba haƙar rijiya ce sana'arsa. Daga wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar ya taso, ya yi ta yawo da igiya da diga har cikin ƙasar Damagaram, kafin ƙarfinsa ya ƙare ya zauna a Gumel. Ban tarar da shi yana aiki ba. Abin da na tarar shi ne littattafai guda uku masu bangon fata da ya cika da ajami: sunan gari, gaba nawa aka haƙa kafin a ga danshi, inda aka ci karo da marmara, inda yashi ke zubowa, inda ruwa ya fito da zartsi har dabba ta ƙi sha. Bayan rasuwar mahaifina suka koma hannun ƙaninsa, Baffa, wanda shi ne babba a gidanmu yanzu. A akwatin ƙarfe yake ajiye su, ƙarƙashin gado.

Ni malamar kwamfuta ce a wata sakandaren 'yan mata. Tun da na fita takabar mijina na dawo gida, aka ba ni sashen da mahaifiyata ta zauna. Saboda aikin makaranta na sa aka kafa mini ɗan faranti a kan rufi, yana ɗauko intanet daga dogon ƙarfen wani mutum da ke sayar wa jama'a layi. Shi mutumin a Maigatari shagonsa yake, kowa Injiniya yake kiransa.

Wanda ya tayar da maganar littattafan ɗan gwaggona ne. Gwaggo a Nijar ta yi aure, can ta haife shi, can yake aikin haƙa rijiyar burtsatse, wadda su suke kira foraj. Taubashina ne, ya girme ni da shekara huɗu, Yaya nake ce masa, amma ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. A farkon bazara ya kira ni, muryarsa babu wasa. Ya ce sun huda ƙasa sau biyu a wani ƙauye kusa da iyaka, duka biyun ƙura suka samu. Tsofaffin garin suka ce masa ai kakanka ne ya haƙa mana tsohuwar rijiyarmu da ta rufta. Yana so in ɗauki hoton littattafan in tura masa ta waya.

Na je na sami Baffa a zaure bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni.

"Ba za a saka rubutun ubana a waya ba," in ji shi. "Abin da aka saka a waya yau, gobe yana hannun mai shayi. Kin san me ke ciki kuwa? Akwai sunayen mutum biyu da rijiya ta rufta da su. Akwai garuruwan da ya rubuta abin da ya haɗa shi da masu gari. Jikokinsu suna nan da rai."

"To Baffa, in ya zo ya karanta a nan fa?"

"Ya zo. Amma littafi ba zai ƙetare zauren nan ba."

Yaya ba shi da halin barin inji da ma'aikata ya zo ya yi mako yana tuntuɓe da rubutun kaka, wanda ƙanana ne kamar tururuwa. Na kwana biyu ina juya abin, sannan na koma wurin Baffa da wata shawara. Ina da tsohuwar kwamfutar cinya da batirinta ya mutu. Na ce zan ɗauki hoton shafukan in zuba a cikinta, in ajiye ta a ɗakina, in mayar da ita saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafi tana nuna wa wanda ya nema. Ba a hannun wani kamfani za su zauna ba, a gidan nan za su zauna. Yaya zai leƙo daga can da kalmar sirri, in mun ga dama mu kashe.

Baffa ya tambaya, "Zai iya kwafa?"

Na so in ce a'a. Na ce, "Zai iya, Baffa. Ko da wayarsa zai iya ɗaukar hoton abin da yake gani."

"Shi jika ne. In ya yi, shi da amanarsa. Abin da ban yarda ba shi ne a kai wa bare ajiya." Ya miƙo mini makullin akwati.

Ɗaukar hoton littafi na farko ya ci mini Asabar biyu, a tsakar gida da hantsi, inda haske ya fi kyau. Haɗa shafin bai ba ni wuya ba, abin da nake koya wa ɗalibai ne. Na jona kwamfutar da rauta, ɗan akwatin nan mai ƙahoni biyu da ke raba intanet a gida, na buɗe wayata, sai ga rubutun kaka ya cika fuskarta. Na kai wa Baffa ya gani, ya sa tabarau, ya ce, "Hannunsa ne." Na koma ɗaki ina jin na gama aiki. Ashe ko farawa ban yi ba.

Na tura wa Yaya adireshin. Bayan minti goma ya kira.

"Malama, wannan shafin naki fari ne fat. Ko da ruwan tuwo kika rubuta?"

"Matsalar layinku ce."

"Rezonmu lafiya lau. Ki dai koma makaranta."

Kuskuren nawa ne, kuma na gane shi kafin ya ajiye waya. Adireshin da na tura masa na cikin gida ne, wanda rauta ke raba wa wayoyi da kwamfutocin da ke jone da ita, ba ya da amfani a waje. Kowane layi yana da wani adireshi na waje, wanda duniya ke gani, kuma a bayansa akwai dubban ƙofofi masu lamba. Rauta ba ta barin baƙo ya shigo ta kowace sai an umarce ta: wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa kaza, ki kai shi wurin kwamfuta kaza. Na san wannan a takarda tun ina ɗalibar difloma, amma ban taɓa yi da hannuna ba.

Na shiga saitin rauta, na rubuta mata umarnin, na ce ƙofa ta tamanin, wadda shafuka suka saba fita ta cikinta, a kai ta ga tsohuwar kwamfutata. Na nemo adireshin waje na gwada. Shiru. Na sake rubutawa, na kashe rauta na kunna. Shiru. Na canja lambar ƙofar, don na karanta cewa wasu rautoci suna riƙe ta tamanin don shafin saitinsu. Nan ma shiru. Mako guda kullum in na dawo daga makaranta, in ci abinci, in zauna a kan tabarma da kwamfuta a cinya har a kira la'asar, zufa na ɗiga a kan madannai.

Sai na sayi littafin rubutu mai shafi ashirin, na ƙudura ba zan ƙara taɓa abu biyu a lokaci guda ba. In na canja abu ɗaya sai in rubuta, in gwada, in rubuta abin da ya faru. Wannan dabara ita ta fara nuna mini ɓarnar da nake yi wa kaina.

Ta farko, duk gwajin da nake yi wayata tana jone da rautar gida. Wato ina ciki ina neman shiga ta ƙofar waje, abin da rautoci da yawa ba sa yarda da shi. Na koma kashe waifai ina gwadawa da datar wayata. Ɗakina layin waya ba ya shiga sosai, sai na fito bakin rijiyar tsakar gida na ɗaga hannu. Matan gida suka fara tambaya ko lafiya.

Ta biyu, wata ranar Talata aka ɗauke wuta, kwamfutar ta mutu nan take tunda ba ta da batiri. Da aka kawo na duba, sai na ga adireshinta na cikin gida ya canja. Da yana ƙarewa da ɗari da biyar, yanzu ɗari da biyu. Rauta tana nan tana kai baƙi ɗari da biyar, inda babu kowa. Allah kaɗai ya san sau nawa hakan ta faru a makon ban lura ba. Na ɗaure mata adireshi ɗaya da ba zai sake motsi ba, na kuma ja mata waya daga batirin solar da nake cajin fitila.

Ta uku, katangar tsaron kwamfutar kanta. Na tarar an saita ta tana karɓar na gida kawai, tana korar duk wanda ya zo daga waje. Na buɗe wa ƙofar ɗaya hanya, na bar sauran a rufe. Ranar na fita tsakar gida da ƙarfin gwiwa, har na ce wa matar Baffa ta yi mini addu'a. Na danna. Ɗan da'irar nan ta yi ta juyawa, ta juyawa, ta ce ba a sami shafi ba.

Na zauna a bakin rijiya. Yaya ya turo saƙon murya yana cewa damina ta kusa, in ruwa ya sauka mota ba ta shiga garin, sai kuma baɗi. Bai yi tsokana ba a wannan karon, hakan ya fi yi mini ciwo. Na koma ɗaki na buɗe littafina daga shafin farko, ina bin layi-layi kamar mai duba jarrabawa. A shafi na shida na ga lambobi biyu da na kwafa a ranaku daban-daban ban taɓa jera su ba. Ɗaya adireshin da rauta ta ce shi ne nata na waje, yana farawa da goma. Ɗaya kuma wanda intanet ke nuna mini a matsayin nawa. Ko kusa ba su yi kama ba.

Ma'anarsa ita ce rautata ba ita ce a bakin titi ba. Akwai wata babba a gabanta, ta Injiniya, wadda dukkanmu masu sayen layi muke bayanta, muna fita da adireshi ɗaya. Na buɗe ƙofar ɗakina, ƙofar zaure tana kulle, makullin kuma yana Maigatari.

Na kira shi sau uku, kullum sai ya ce yana kan ƙarfe, zai kira. Ranar Alhamis da na tashi daga makaranta da wuri na gaya wa Baffa, na shiga mota. Na manta ranar kasuwa ce. Manyan motoci sun toshe hanya, shanu da raƙuma ta ko'ina, sai da na sauka na ƙarasa a ƙafa ina kaucewa babura. Shagon nasa ƙarami ne, cike da wayoyi da farantai, fanka na kaɗa iska mai zafi. Mutum ne siriri mai furfura a gemu, yana cin gyaɗa yana kallon allon kwamfuta.

Na yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Malama, kin gano daidai. Amma ba zan buɗe ba."

"Saboda me, Injiniya?"

"Masu fiton kaya a kan layin nan suke, da asibiti mai zaman kansa guda. In na buɗe miki ƙofa, wani ɗan iska daga wata duniya ya faɗa kwamfutarki, daga nan ya haura kan na mutane, wa za a kama? Ki zuba hotunan a intanet kamar kowa mana."

"An hana ni."

"To ki yi haƙuri."

A motar dawowa na cika na yi fam. Amma kafin mu iso Gumel na yarda cewa maganarsa gaskiya ce. Kalmar sirrin da na sa sunan unguwarmu ce da shekarar haihuwata. Kwamfutar rabonta da sabuntawa tun mijina yana da rai. In da ni ce shi, ni ma ba zan buɗe ba.

Mako biyu na yi ina gyara. Na goge komai na sake ɗora mata sabon tsari, na cire duk abin da shafin ba ya buƙata. Na sa kalmar sirri doguwa, na sa shafin ya riƙa tafiya a kulle yadda wanda ya tare shi a hanya ba zai karanta ba, na sa ta riƙa korar duk wanda ya yi kuskuren kalmar sau uku. Wasu abubuwan sai da na karanta bayaninsu sau biyar kafin su shiga kaina. Na rubuta duk abin da na yi a takarda biyu. Ranar Asabar na naɗe kwamfutar a zani, na sa a jaka, na koma Maigatari.

Da ya gan ni ya yi dariya. "Malama, ba ki gaji ba?"

"Ban gaji ba. Ga ta nan, ka gwada shiga. In ka shiga, ba zan ƙara zuwa ba."

Ya karanta takardun, ya jona ta da tasa, ya yi kusan awa yana bugun madannai. Wani mai fito ya shigo neman a buga masa takarda, ya ce ya dawo an jima. Can ya juyo ya ce in buɗe masa shafin ya ga abin da ake wannan wahala a kansa. Na yi jim, don ba a ba ni izinin nuna wa bare ba. Na ce sai na tambaya. Na kira Baffa a gabansa, ya ce in nuna shafin farko kawai, inda bismilla take da sunan ƙauyenmu. Injiniya ya kalli rubutun, sannan ya ce mahaifinsa makiyayi ne, ya san abin da rijiya take nufi a arewacin nan.

Ya ba ni ƙofa ɗaya mai lambobi huɗu, ya ɗaure wa rautata adireshin da ba zai canja ba, ya ce adireshinsa na waje dama tsayayye ne. Sharaɗinsa, duk ranar da ya ga wani motsi da bai gane ba zai rufe ba tare da ya tambaye ni ba. Na ce na yarda.

Da na dawo gida na gyara umarnin rauta ya dace da sabuwar lambar, amma ban gwada a tsakar gida ba, ina tsoron abin da zan gani. Washegari akwai sunan 'yar ƙawata a Gagarawa Tasha. Can, ana cikin rabon waina, mata na ta hayaniya, na koma gefen rumbu na ciro waya na rubuta adireshin. Ta tambayi kalmar sirri. Na sa. Rubutun kaka ya fito, layi bayan layi, ni ina Gagarawa, kwamfutar tana ɗakina a Gumel. Ban san na yi guɗa ba sai da na ga mata sun juyo. Suka ɗauka don jaririya ce, suka taya ni.

Na tura wa Yaya nan take. Da yamma ya kira ya ce har yanzu babu komai.

Na ji kamar in jefar da wayar. Na danne, na ce, "Karanto mini abin da ka rubuta, harafi-harafi."

Ya karanto lambobin adireshin, ya tsaya.

"Sai me?"

"Shi ke nan. A kwamfutar aiki na kwafa, ta fi girman fuska."

"Ɗigo biyun da lambar da ke bayansu fa?"

"Au, su ma a ciki suke? Na ɗauka lokacin da kika turo saƙon ne."

"Yaya, wa ya kamata ya koma makaranta?"

Na ji ƙarar madannai, sannan ya ce a hankali, "Allah ya jiƙan tsoho." Na ƙyale shi ya ajiye.

Kwana huɗu ya yi kafin ya sami shafin garin. Ya kira ya ce in kai wa Baffa wayar, akwai kalmar da ta gagare shi. Na buɗe lasifika na ajiye a kan buzu. Baffa ya ɗauko littafin ainihi, suka yi ta bin layi tare, ɗaya a zaure ɗaya a can. Kaka ya rubuta cewa shi ma ya fara haƙa a yammacin garin, ya yi gaba goma sha biyu ya tarar da dutse, ya bari, ya koma kwarin da ke arewa inda itatuwan gawo suke. Kalmar da ta gagari Yaya sunan kwarin ce, da Fulatanci. Baffa ya san ta, don yana yaro ya taɓa kai wa kaka abinci can.

Sun huda a kwarin saura kwana kaɗan ruwan farko ya sauka, suka sami ruwa mai daɗi. Yaya ya ce dama na'urar awonsu ta nuna wajen, shi dai ya duba littafin ne don kada ran Malama ya ɓaci. Na ce na gode da wannan karamci, zan canja kalmar sirri gobe. Ya ce kada in soma, akwai garuruwa uku a gaba.

A tsakiyar damina iska ta juya farantin rufi, layi ya ɗauke kwana shida, sai da Injiniya ya zo da kansa ya daidaita. Ya shiga zaure ya gaida Baffa, suka sha fura, suka gano akwai wata tsohuwa a Sule Tankarkar da kowannensu ke kira gwaggo.

Bayan tafiyarsa Baffa ya kira ni. Ya ce ya lura jikokin nan ba sa iya karanta hannun kaka, shi ma kuma idonsa ya fara gajiya. Ya tambaya ko kwamfutar tana riƙe murya. Na ce tana riƙewa. Tun daga lokacin, kowace Juma'a da safe kafin ya yi wanka, nakan ajiye waya a gabansa ya karanta shafi biyu, in ɗora muryar a ƙarƙashin hoton kowane shafi. Ba ya tsayawa a kan abin da ke rubuce. Yakan karanta layi ɗaya, ya ce "wannan mai garin na san shi, gurgu ne," ya shiga labari. Shafi biyu kan ɗauke mu awa guda. Mun kai shafi na talatin da takwas a littafi na farko.